Takalmin Kaka a Bakin Ƙofa

Tsohon mai gidan da muke haya a Agege, cikin Legas, ba ya ƙirga mutane, takalma yake ƙirgawa. Kowace safiya zai fito da zani ɗaure a ƙugu da asuwaki a baki, ya bi tsakanin ɗakuna goma sha biyu masu kallon juna, yana nuna bakin kowace ƙofa da asuwakin, leɓɓansa suna motsi. Da wannan ƙirgen yake raba kuɗin ruwa da na wuta da na kwashe masai. Maƙwabtanmu sun gano shi tuntuni, suna kwana da takalmansu a ƙarƙashin gado. Mu ba mu da wannan damar. A ƙasan ɗakinmu muke sallah, a nan muke cin tuwo, a nan ƙannena suke kwana. Takalmin da ya taka kwatar Agege ba ya tsallake ƙofar Umma, ko da na gwamna ne.

Mu shida ne: Baba, Umma, ni, ƙannena maza biyu, sai Kaka, wadda ta haifi Baba. Amma wanda ya zo ƙofarmu ranar Juma'a zai rantse mun kai ɗari. Baba dillalin albasa ne a kasuwar Mile 12, kuma duk ɗan garinmu da ya zo ci-rani, ko dako yake yi ko tura baro, sai ya biyo bayan masallaci ya gaida Kaka, ya sha kunu, ya ji wa ya mutu, wa ya haihu. Wata Juma'a mai gida ya fara ƙirga takalman, ya ɓata, ya sake, ya ɓata, sai ya kifa bokiti ya zauna ya ce a ba shi ruwa. Ya ce mu ba iyali ba ne, ƙaramar hukuma ce.

Don haka da ɗansa ya dawo da shawarar a fasa ɗakunan a mai da su masu banɗaki a ciki, a ba ma'aikatan banki, takardar tashi ta farko mu aka miƙa wa. Wata uku.

A lokacin ma ba a tsaye muke sosai ba. Tukunyar gas ɗinmu ta daɗe da yin ritaya, ta zama kujerar da Umma ke zama a kai tana hura gawayi. Ganyen shayi ɗaya sai ya yi mana kwana uku, rana ta uku ruwan zafi ne kawai da labarin shayi. Nama kuwa ya zama kamar wani kawu na nesa, mun san sunansa, muna ganinsa da Sallah. Albasa ce kaɗai ba mu taɓa rasawa ba. Mun ci albasa har ƙaramin ƙanena in ya yi hamma sai kowa ya yi hawaye.

Ni Baba ya ɗauka muka shiga neman ɗaki, saboda Yarbanci. Nasa na kasuwa ne, ya iya farashi, ya iya zagi, daga nan ya tsaya. Ni a Agege aka yanke mini cibiya, ina iya yin faɗa da kwandastan danfo, motar hayar Legas, har ya ba ni haƙuri da canji. Muka samu ejan, wato dillalin gidajen haya, wani siririn mutum mai jakar makullai a hammata, wanda kafin ya nuna maka ko da ƙofar ɗaki sai ka ba shi kuɗin dubawa. Ina jin in ka gaishe shi a hanya ma sai ya ce ka biya kuɗin amsawa.

Ya kai mu Isolo, ɗakin da ruwan damina ya bar shaidarsa a bango daidai ƙirjina. Ejan ya ce ado ne, haka ake yin fenti yanzu, kala biyu. Ya kai mu Ojota, bayan tasha, ɗakin da in ka yi atishawa bango ne zai fara yi maka addu'a. Ya kai mu wani gida inda mai gidan ya leƙo, ya kalli hular Baba, ya ce an riga an kama ɗakin, alhali makulli yana hannun ejan. Baba ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Ni ma na faɗi tawa da Yarbanci. Da Baba ya tambaye ni me na ce, na ce albarka na sa masa.

Ko'ina muka je, tambaya ɗaya ce ke kashe mu: ku nawa ne? Baba zai gyara tsayuwa ya ce shida, alhamdulillahi, kamar wanda ake jira a ba shi kyauta. Sai ka ga fuskar mai gida ta rufe kafin ƙofar. Ejan ya yi ta yi masa nasiha a cikin danfo cewa a Legas ba wanda ke faɗin gaskiyar yawan iyalinsa, kowa ragewa yake yi kamar shekarun 'yan ƙwallo. Baba ya ce shi bai iya ba.

Saura kwana goma wa'adinmu ya cika muka samu ɗaki da falo a bayan layin dogo, nan cikin Agege. Siminti lafiyayye, taga biyu, rijiya a tsakar gida. Mai gidan wata dattijuwar Bayarbiya ce da kowa ke kira Iya, mai sayar da busasshen kifi a Oyingbo. Gajera ce, amma in ta kalle ka sai ka tuna duk laifin da ka yi tun daga aji ɗaya. Dokarta ɗaya: kada a wuce mutum biyar, don rijiya ɗaya ce, masai ɗaya ne. Ta yi tambayar da muka saba ji. Kafin Baba ya buɗe baki, ejan ya ce biyar.

Ni ce tafinta, ban fassara ba. Ba a ma bukatar in fassara, don ƙirge shi ne Yarbancin da Baba ya fi iyawa. Na ga ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa. Aka rubuta biyar a takarda, ya sa hannu. Sai da Umma ta sayar da keken ɗinkinta kafin a haɗa kuɗin shekara da na ejan da na takarda, kuma duk mun san in Iya ta kore mu, ko zaren keken ba zai dawo ba.

Da yamma Baba ya zauna gaban Kaka ya yi ta kewaye-kewaye, ya yi maganar tsada, ya yi maganar iskar ƙauye mai kyau, kafin ya iso inda za shi. Bayan Sallah, wata biyu ke nan, akwai motar albasa da za ta koma Arewa, direban mutumin kirki ne, zai ba ta gidan gaba. Za ta zauna wajen ɗan ƙaninta. Kafin nan, za ta ɗan yi haƙuri a cikin ɗaki, kada Iya ta gan ta.

Kaka ta zo Agege ne a jirgin ƙasa da Baba goye a bayanta, kafin a mai da shi Arewa karatun allo, inda ya girma. A bakin layin dogo ta yi ta sayar da koko da ƙosai har gwiwarta ta hagu ta ƙi. A nan haƙoranta suka zube, a nan aka binne mijinta. Ta sha gaya mini cewa a ƙauye duk waɗanda ta sani suna maƙabarta. Kuma Kaka mace ce mai musu da rediyo, in mai labarai ya faɗi abin da bai yi mata ba sai ta ce ƙarya yake yi, ta juya masa baya. Na zauna ina jiran ta tashi gidan da faɗa. Sai kawai ta ce, "To." Ta jawo carbinta. Wannan "to" ɗin ya fi ba ni tsoro a kan duk faɗan da ta taɓa yi.

Muka tare ranar da Iya ta tafi Oyingbo. Aka shigar da Kaka tsakanin katifa da buhun tukwane, kamar kayan fasa-ƙwauri. Umma ta raba aiki, nawa shi ne takalmin Kaka. Kullum biyar za a gani a bakin ƙofa, na shida yana cikin leda a bayan buhun gawayi.

Takalmin nan kuwa ba ya ɓoyuwa a cikin jama'a. Na roba ne, ruwan ƙasa, ya girme ni. Mai gyaran takalmi ya ɗinke shi da zare, ya ɗinke da waya, har ya ce in aka sake kawo masa zai bar sana'ar. Dunduniyar hagu ta cinye ta gefe ɗaya saboda ɗingishinta. Baba ya sha sayo mata sabo, ta ce sabon bai san hanya ba.

Makon farko wasa na ɗauke shi. In Kaka ta yi tari, sai mu uku mu kama tari gaba ɗaya don a rasa na wa ne, har wata maƙwabciya ta kawo wa Umma maganin gargajiya ta ce yaran nan a duba su. In Kaka za ta banɗaki, ƙanena ɗaya ya tsaya a bakin titi, ɗaya a bakin rijiya, ni in yi fito. Masu gaisuwar Juma'a aka ce su tsaya a masallaci, Baba ya riƙa kawo gaisuwarsu a baki kamar saƙon goro. Na riƙa tsokanarta ina kiranta fursuna, ina tambayarta ko in kawo mata lauya. Da farko takan jefe ni da mafici ta ce ja'ira. Daga baya ta daina jifan. Ta daina musu da rediyo, don an ce ta rage murya. Ta koma cin rabin tuwonta, wai wanda ba ya cikin lissafi bai kamata ya cika ciki ba.

Wata Juma'a, a mako na huɗu, na dawo daga makaranta bayan la'asar. Tsakar gida ba kowa. Sai ga Kaka ta fito daga banɗaki ita kaɗai, ba mai gadi, ba mai fito. Ƙafarta ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti mai santsi. Ta cusa takalmin a hammata ƙarƙashin mayafi don kada a ji ƙararsa, tana dafa bango, tana jan gwiwar nan, tana waige hagu da dama.

Bakina ya riga hankalina. Na ce, "Kaka, me kika sato?"

Ta ce, "Kaina na sato, ja'ira. Matsa in wuce kafin matar nan ta dawo."

Ba ta yi dariya ba. Ni ma tawa ta maƙale. Matar da ta ciyar da rabin 'yan ci-ranin garinmu, matar da 'yan dako masu ƙirjin ƙofa ke durƙusa mata, ita ce ke sanɗa a gidan da aka biya da keken Umma. Na bi ta da kallo har ta shige, na ga sawun ƙafarta a kan siminti, ɗaya cikakke, ɗaya alamar jan ƙafa. Da dare ban taɓa tuwona ba.

Washegari Asabar. Baba ya tafi kasuwa tun bayan asuba, Umma tana bayan gida tana fama da gawayi. Na ɗauko ledar daga bayan buhu. Na wanke takalmin Kaka da ɗan guntun sabulun da Umma ke ɓoyewa a saman taga, na goge shi har wayar ta yi ƙyalli. Na jera na kowa a bakin ƙofa, har da na Juma'ar Baba don kada lissafi ya ragu. Na Kaka na sa a gaba, a kan bulo, yadda ko makaho ya zo wucewa sai ya yi tuntuɓe da shi. Na tsaya a gefe na harɗe hannu. Wanda ya gan ni zai ce soja ce.

Umma ta zagayo da mafici, ta gani, ta tsaya cak. Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Ke, kin haukace ne? Kekena fa ke cikin ɗakin nan."

Na ce, "Umma, in za ta kore mu, ta kore mu mu shida."

Ta sunkuya za ta ɗauke, sai ga Iya ta fito da tsintsiya. Umma ta miƙe da hannu wayam.

Iya ta iso ƙofarmu ta ƙirga da bakin tsintsiya, a hankali, kamar mai zaɓen kifi. Da ta zo kan bulo ta tsaya, ta tambayi na wane ne. Na durƙusa gwiwa biyu yadda 'yan matan Yarbawa ke gaida manya, na ce na kakata ne, uwar babana, kuma tana ciki, kuma ba inda za ta. Na shirya dogon jawabi tun a banɗaki, a kan ejan, a kan gas, a kan masu gidajen Legas kaf da kakanninsu. Ko kwata ban kai ba Iya ta ɗaga tsintsiya ta ce in rufe mata baki.

Ta ce tun kwana na uku ta sani. Ta ce ita ma ciwon gwiwa gare ta, ta san warin man zafi ko daga Oyingbo, kuma tarin tsohuwa daban yake da na yaran da ke tari kamar an ba su kwangila. Ta ce jira take ta ga iyakar rashin kunyarmu, kuma ta riga ta gaya wa ɗanta ya rubuto mana takardar tashi ƙarshen wata. Umma ta dafa bango. Ni kuwa sojan da ke cikina ya ajiye bindiga ya gudu.

Sai Iya ta juya ga Umma, ta faɗi abin da ban taɓa zato ba. Ta ce, "Ba shidan ne ya ƙona mini rai ba. Kun shigo da babbar mace gidana, ba ku kawo ta mun gaisa ba, kun kulle ta kamar akuyar sata. Mutumin da zai ɓoye uwarsa, ni me zai yi mini?"

Mu duk tunaninmu yana kan rijiya da masai. Ba wanda ya taɓa kawo wa ransa cewa laifin da ya fi girma a idon Iya shi ne rashin gaisuwa.

Labule ya motsa. Kaka ta fito da mayafinta na zuwa suna. Ba ta kalli kowa ba. Ta sauke takalminta daga kan bulo, ta zura ƙafa ɗaya, ta zura ɗaya, ta buga dunduniya a siminti har sau biyu don a ji. Sannan ta gaida Iya da wani tsohon Yarbanci na bakin layin dogo, mai lanƙwasa da kirari, irin wanda ni da nake taƙama ban taɓa ji ba. Ta tambayi gida, ta tambayi kasuwa, ta tambayi gwiwa. Da ta gama ta ce, "Ɗana ba kunyata yake ji ba. Ɗaki ne ya yi tsada har uwa ta zama kaya. In laifi ne, nawa ne da na yarda."

Iya ta jingine tsintsiya. Sannan ta aike ni in ɗauko benci.

Suka zauna suka yi ciniki kamar ana sayar da buhun albasa. Iya ta hau, Kaka ta sauko da ita, Iya ta tashi za ta tafi, Kaka ta ce ta gaida gida, Iya ta dawo ta zauna. Ni da Umma muna tsaye kamar shaidu a kotu. Rana ta take kafin a gama. Ba za a rubuta takardar tashi ba. Za a ƙara mana kason mutum ɗaya a ruwa da kwashe masai. Baƙin Juma'a kada su wuce uku a lokaci guda, kuma a waje za su zauna, a kan benci. Na ƙarshe, Baba zai zo da kansa ya faɗi yawan iyalinsa da bakinsa.

Ya zo kafin magariba, da warin albasa a rigarsa. Umma ta tare shi a ƙofa ta gaya masa komai. Ya kalli takalman, ya kalle ni, na ɗauka yau sai an kai ni asibiti a baro. Ya wuce ƙofar Iya, ya cire hula, ya ce shida da Yarbanci, da ƙarfin da har masu ɗakin ƙarshe suka leƙo. Da ya dawo ya durƙusa gaban Kaka ya daɗe, ban ji abin da suka ce ba, don Umma ta kore mu waje. Na dai ji shi daga baya a waya yana gaya wa direban motar albasa ya ba wani gidan gaba.

Kwana biyu Baba bai yi mini magana ba. Rana ta uku ya kira ni ya ce tunda ni na ƙaro mutum a lissafi, ni zan ɗauki nauyinsa. Kuɗin danfo na makaranta shi ya koma kason ruwan Kaka. Tun daga ranar a ƙasa nake zuwa, a ƙasa nake dawowa, ta bakin layin dogo, tafiyar da a lissafina ta kai daga nan zuwa Zariya. Na yi baƙi, na rame, maraƙina sun yi tauri kamar na 'yan dako. Kaka ta koma musu da rediyo, ta koma cinye tuwonta har tana leƙen nawa, kuma ko sau ɗaya ba ta ce mini na gode ba. Abin da ta ce kawai shi ne na wanke mata takalmi da sabulun da ba shi da ƙamshi.

Iya ta riga ta sanar cewa baɗi haya za ta tashi, kuma na san za ta tashi, don a Legas ruwan sama ne kaɗai ke saukowa. Wataƙila mu sake bin ejan da jakarsa. In haka ta faru, ni ce dai tafinta, kuma na gaya wa Baba tun yanzu cewa duk wanda ya tambaya, shida zan ce kafin kowa ya buɗe baki.

Takalmina na makaranta ya huje a dunduniya saboda tafiyar ƙasa, na kai shi wajen mai gyaran da ya yi rantsuwar barin sana'a, ya ɗinke shi da waya. Yanzu in na jera su da safe, nawa da na Kaka kusan ba a bambance su. Nata nake sawa a gaba, a kan bulo.